Tokar Karan Durum

Ku da kuke taruwa ranar Asabar a tsakar gida kuna narka dalma don nishaɗi, da ku nake. Na ga abin da kuke zubawa: ɗan raƙumi na rataya makulli, taswirar ƙasa, harafin sunan budurwa. Wasu ma sun yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Kun gani a salula wani ya ɗora gwangwani a wuta, ya zuba, ya buɗe, abu ya fito yana ƙyalli, sai kuka ce ashe wannan ce sana'ar da tsoffi suke cika baki da ita. Ni ne Isuhu, wanda ake ce wa Mai Dalma a Birni, shekara talatin da wani abu na yi a bakin kasko. Hannuna na dama yau ba ya ɗaga kofin shayi, daga wuyan hannu ya lanƙwashe yana reto, aikin dalma ne. Hannun ya riga ya tafi, ba na kukansa. Abin da ya sa nake magana shi ne ɗan ƙanena Lawali, malamin makaranta da ake ce wa Mushe, yana cikinku, a gidansa kuka saba taruwa, kuma matarsa Zainabu tana da cikin fari wata biyar. Saboda ita da abin da ke cikinta zan faɗi abin da na ɓoye wa dangi shekara da shekaru.

Batir na farko da na fasa na kamyo ne, babbar motar kaya, ina da shekara sha takwas, a rumfar Malam Kyari bayan ganuwa, gindin duwatsu. Malam Kyari Babarbare ne, gajere, ido ɗaya, ba ya dariya sai in wani ya ƙone. Ya ce in kifa batir ɗin a bakin rami ruwansa ya tsiyaye. Na kifa, ruwan ya fantsamo mini a wando, ban ji komai ba. Washegari da na wanke wandon sai ya fito kamar rariya. In ruwan ya gama tsiyayewa, a sa gatari a sare murfin, a cire kawunan biyu a ajiye gefe don su dalma ce tsantsa, sannan a zaro farantan ciki ɗaya bayan ɗaya. Farantan nan raga ce ta dalma da aka cika da gari, wani ja-ja, wani toka-toka. A buga su da sanda garin ya zube, ragar ta tafi kasko, garin kuma a tara shi a buhu sai ya yi yawa a kai shi babbar wuta ta gawayi da zuga-zugi. Hayaƙin babbar wuta fari ne, kuma yana da zaƙi a harshe. Malam Kyari ya ce duk lokacin da na ji bakina ya yi zaƙi in koma bayan iska. Da yamma sai ya sayi nono ƙwarya guda mu sha, wai yana wanke hayaƙin daga ciki. Duk masu dalma sun yarda da wannan nono, ni ma na yarda, kuma ƙarya ce, ba abin da yake wankewa.

Sai da na yi wata huɗu ina fasa batir kafin ya bar ni na taɓa ludayi. Ranar, na taso daga alwalar azahar na biya ta bakin kasko in duba wuta, sai ya make ni da awartaki a ƙwauri.

"Ina za ka da ruwa a fuska?"

"Maigida, alwala ce."

"Ni ma alwala ce," in ji shi, ya ɗaga fatar idon da ya mutu da yatsa. "Ɗigo ɗaya daga gemu. Ya faɗa mazubi ban gani ba, na zuba. Je ka yi sallarka, ka zauna can sai ka bushe."

Narkakkiyar dalma ba ta shiri da ruwa. In ta sami laima a ƙarƙashinta, tashi take yi sama gaba ɗaya, ta watsu a fuska da ƙirji, ta manne. Da damina kuwa mazubi yana shan laima ko ba a jiƙa shi ba, dole a jera su bakin wuta sai sun yi zafin da ba a taɓawa. Ku da kuke zubawa da butar shayi a gefe, gumi yana ɗiga daga haɓa, Allah ne kawai yake tsare ku.

Wutar zubi daban take da babbar wuta. Dalma ba ta son zafi mai yawa, in ka zuga mata gawayi sai fuskarta ta yi ruwan zinariya, ta koma shuɗi, ka ƙone rabinta a banza. Don haka Malam Kyari da karan gero yake zubi. Wutar kara tana tashi da sauri ta mutu da sauri, kai ne kake ciyar da ita sanda biyu-biyu, zafin yana hannunka. In kana son ka san ta isa, ka tsoma busasshen kara a ciki ka ƙirga biyar. In ya fito fari, da saura. In ya fito baƙi yana hayaƙi, ka wuce. In ya fito launin gasasshiyar gyaɗa, ɗauki ludayi. Kafin ka ɗiba akwai datti da ke tasowa sama, muna ce masa kashin dalma, toka-toka da ɗan rawaya. Ka yashe shi da gefen ludayi, ka buga ludayin a dutsen murhu, kashin ya faɗa cikin toka, fuskar dalma ta fito kamar madubi. Haka na ga yana yi, haka na yi, sau ɗari a wuni, ban taɓa duba inda kashin yake faɗawa ba.

Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai na wani masunci ne daga Gidimuni, dalmar bakin birgi, ragar nan ta kamun kifi da ake jefawa, guda ɗari uku. Birgi in za a jefa, sai dalmarsa ta zama nauyi ɗaya duk kewaye, in ba haka ba gefe ɗaya ya riga nutsewa kifi ya fice ta ɗayan. Mutumin ya zauna a kan dutse tun safe, kowace na fitar ya ɗora ta a tafin hannu ya rufe ido, ya ware wasu gefe. Da yamma ya ware arba'in da ɗaya, ya ce sun yi sauƙi. Na yi fushi na ɗora a sikeli, wallahi duk arba'in da ɗayan akwai iska a cikinsu, na yi gaggawar zubi mazubi bai yi zafi ba. Malam Kyari ya kwashe su ya mayar kasko, ya miƙo mini ludayi. Bayan masunta akwai makanikai masu kan batir da ya cinye, a sa musu zoben ƙarfe a zuba sabon kai. Akwai magina masu neman dalmar igiyar awon bango, da maharba masu neman ƙwaya. Akwai mutanen ƙauyukan Guna da rijiyoyinsu masu zurfi, su kuma dalma suke so a gefe ɗaya na bakin guga don ya kife ya cika da kansa. Na zuba musu ba adadi, suna sa mini albarka, suna jefa ta cikin ruwan da suke sha. Yau ko da wuƙa a wuya ba zan zuba ta ba.

Mazuban Malam Kyari na dutse ne mai laushi, ɓari biyu-biyu, shi ya sassaƙa su da wuƙa da magagari. Kafin zubi a turara cikinsu da hayaƙin fitila su yi baƙi, don dalma ta saki. Da ya tsufa cikinsa ya riƙa murɗawa, ya yi kwana huɗu biyar bai zaga ba, ya zama mai faɗa da kowa, har da limamin unguwa. Muka ce tsufa ne. Da ya rasu ƴaƴansa ba mai son sana'ar, suka tura mini mazuban a buhu, rumfa ta zama tawa.

A shekarar na auri Hauwa, ƴar manomi daga Durum. Doguwa ce, mai yawan dariya, hannunta da albarka a tukunya. Ni kuwa na san dalma guba ce, ba jahili ba ne ni, har ina alfahari da tsaftata. Hauwa ba ta taɓa taka rumfata ba, na hana. Kayan aikina a rumfa nake cirewa, a can nake wanke su da kaina, in yi wanka da sabulu bayan duwatsu, in sa riga mai tsabta kafin in shigo gida. Abokan sana'a suna yi mini tsiya wai Isuhu ya zama likita. Ina jin daɗin tsiyar.

Da kaka ta yi, surukina ya aiko da amalanke biyu na karan gero daga gonarsa, kyauta, ya ce mijin ƴarsa ba zai sayi kara ba yana raye. Haka ya riƙa yi kowace shekara. Wata rana ina cin tuwo Hauwa ta tambaye ni.

"Malam, tokar karan Baba fa, ina take zuwa?"

"Zubarwa nake bayan rumfa."

Ta ajiye ludayin miya ta dube ni kamar na ce hatsi nake zubarwa. "Tokar kara? A birnin nan da nake neman ta ido rufe? Ai kanwar kasuwa ba ta kama ƙafarta a miya. Don Allah ka riƙa kawo mini."

Ku samari ba ku san wannan ba, matanku da maggi suka tashi. A ƙauye mace takan huda tsohon kwano a gindi, ta shimfiɗa tsumma, ta cika da tokar kara, ta zuba ruwa a kai. Ruwan yana ɗiga a hankali cikin wani kwano a ƙasa, launin shayi. Wannan ruwan toka shi ake sa wa miyar kuka da kuɓewa ta yi yauƙi, shi ake sa wa wake ya yi laushi. Na yi murna da roƙonta, in faɗa muku gaskiya. Duk abin da ke rumfata na hana shi shiga gidana, ga abu ɗaya da matata take so, kuma na gonar ubanta ne. A kaina toka ta kara ce, dalma tana kasko. Duk ranar da aka yi zubi, in wuta ta mutu, sai in kwashi toka a wani kwano mai murfi, in yi wankana, in sa farar rigata, in ɗauko kwanon in kawo mata. Shekara goma sha ɗaya ina yi.

Miyar Hauwa ta yi suna a layinmu. Cikin farko ya zube yana wata uku, aka ce na fari yakan yi haka. Na biyu wata huɗu. Na uku ya kai wata shida, namiji, ya fito ba rai, na huɗu ma bai tsaya ba. Aka yi rubutu, aka yi saiwa, aka ce iska ce, aka ce wata tsohuwa ce a layin, har iyayena suka daina gaisawa da ita baiwar Allah. Hauwa ta rame, ta yi fari, cikinta yana murɗawa, kanta yana sarawa, ta ɗora tukunya ta manta ta sa gishiri ko ba ta sa ba. Dariyar nan ta ragu. Ni ma cikina yana murɗawa, amma ni na san nawa, hayaƙin babbar wuta ne, sai in ƙara nono. Abin da ban lura da shi ba, ita ba a miya kaɗai take cin tokar ba. Kowace ɗiga sai ta ɗanɗana a harshe ta ji kaifinsa. In ciki ya shiga kuwa ƙwannafi yake damunta, sai ta kurɓi ruwan toka kamar yadda uwarta take yi a Durum, safe da yamma. In cikin ya murɗa ta ƙara kurɓa, tana neman sauƙi.

Shekarar da ta fi muni ita ce ta ciki na biyar. Ya kai wata bakwai, ba wanda ya taɓa kaiwa haka, na fara kallon raguna a kasuwa a ɓoye. Sai ƙafafunta suka kumbura, wata safiya ta faɗi a bakin murhu tana karkarwa, ido ya juye. Muka kai ta matanite, asibitin haihuwa. Wadda ta karɓe ta Madam Saratu ce, ungozoma, Kirista, gidansu yana bayan kasuwa, ita ta karɓi ɓari biyu na baya don haka ta san mu. Da Hauwa ta farfaɗo ta duba ta, ta ɗaga mata leɓe ta daɗe tana kallo. Sannan ta fito baranda inda nake tsaye.

"Malam Isuhu, buɗe bakinka in gani."

Na buɗe. Ta ce a dasashina, daidai gindin haƙora, akwai zare shuɗi-shuɗi.

"Kai na gane, mai dalma ne kai. Ita fa? Irin naka ne a bakinta, har ya fi naka. Tana zuwa rumfa?"

"Ko sau ɗaya, Madam."

"Ita ke wanke kayan aikinka?"

"Ni nake wankewa, a can."

"Tukunyar narki ta taɓa shiga gida? Ludayi? Buhu?"

"Ko allura," na ce mata, har da ɗaga murya, don na ji kamar tana taɓa mini mutunci.

Ta kalle ni, ta ce to. Aka sallami Hauwa bayan kwana uku. Ranar Lahadi da hantsi, daga majami'a, Madam Saratu ta biyo gidanmu dubiya da atamfarta ta fita da lemu a leda. Ina zaure na ji ta yi sallama ta shige. Jim kaɗan ta kira ni da wata irin murya. Na iske Hauwa zaune a kan tabarma bakin madafa da ɗan kofi a hannu, ga kwanon toka yana ɗiga a gefe.

"Wannan tokar daga ina?"

"Ta karan Baba ce," in ji Hauwa. "Malam ke kawo mini daga rumfa."

Madam Saratu ta matso. Ta karɓi kofin daga hannun Hauwa ta zubar. Ta ɗauki ƙwarya, ta juye tokar a ciki, ta zuba ruwa, ta riƙa karkaɗawa tana tsiyayewa kamar mai rege tsakuwa daga hatsi. Sau uku ta canza ruwa. Da ta gama ta miƙo mini ƙwaryar. A gindinta akwai laka mai nauyi, toka-toka da rawaya, kuma cikin lakar ƙananan ƙwayoyi suna ƙyalli kamar ƙwayar gero. Ba ta buƙaci ta gaya mini ko mene ne ba, shekara ashirin ina buga shi a dutsen murhu. Na zauna a ƙasa da farar rigata. Tsoro na ji da farko, sannan kunya, irin wadda ban taɓa ji ba kuma ba ta sake ni ba har yau.

Ta yi mana bayani a hankali. Ruwan toka kaifi gare shi, yana cin kashin dalma ya narkar da shi, sai ya bi ta tsumma ya sauka kwano ba a ganinsa. Ta ce abin ya riga ya shiga ƙashi, kuma yana wucewa wajen ɗan da ke ciki. Maganin da ke fitar da shi daga jini ba a samunsa a inda take aiki, za ta ba da na ƙarin jini, a daina tokar yau, sauran sai addu'a, mu yi tamu ita ma za ta yi tata.

Da ta tafi muka rage mu biyu a tsakar gida. Can Hauwa ta ce, "Ni na roƙa, Malam."

"Ni na ɗauko."

"Kada Baba ya ji. Karansa ne. In ya ji ba zai ƙara cin tuwo da daɗi ba."

Na yi mata alkawari. Akwai maƙwabta uku da take ɗura wa ruwan toka a kwalba lokaci-lokaci, da la'asar ta ja ƙafafunta masu kumburi ta bi su ta karɓo, ta ce musu ɗigar ta lalace. Bayan kwana goma sha biyu naƙuda ta zo. Mace ce, ta yi numfashi daga hantsi zuwa azahar, ba ta yi kuka ba. Madam Saratu da kanta ta naɗe ta ta miƙo mini, nauyinta bai kai na dalmar magina biyu ba. Hauwa ba ta ƙara yin ciki ba. Ta yi shekara biyu tana kumbura tana saɓewa, likita ya ce ƙoda ce, ta rasu da rani a ɗakin nan da nake zaune. Da kaka ta zagayo surukina ya sake aiko da amalanke biyu na kara, ya ce zumunci bai mutu ba. Na karɓa na yi godiya, na kai rumfa na ƙona.

Kada ku ce na bar sana'a, ban bari ba, ba ni da wata. Na haƙa rami mai zurfi bayan duwatsu, duk toka ta tafi can a rufe. Na gaya wa sauran masu dalma su yi haka, ban gaya musu dalili ba, wasu suka bi, wasu suka ce likita ya dawo. Na ci gaba har hannu ya lanƙwashe ludayi ya riƙa kuɓucewa. Surukina ya rasu bai ji ba. Bayan shi ba wanda nake ɓoye wa sai kaina, amma na ci gaba da yin shiru, dangi kuma suka ci gaba da cewa iska ce ta ci Hauwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Lawali ya biyo ni bayan masallaci, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ciro ɗan raƙumin dalma daga aljihu yana murmushi.

"Baba, an ce mazuban dutse suna wajenka. Ka ara mana mu gwada, namu na siminti fashewa suke."

"Dalma kake narkawa?"

"Wasa ne kawai, Baba, ba sana'a ba. Awa biyu ranar Asabar, ni da abokai. Ba ma fasa batir, dalmar taya muke saya wajen masu faci. Har takunkumi muke sawa."

"A ina?"

"A gida, tsakar gida, iska tana kaɗawa."

"Da wace wuta?"

"Furnon girkin Zainabu na gawayi. In mun gama mu mayar mata."

Na ce ya tafi, gobe ni zan zo. Ya tafi yana murna, a zatonsa mazubai zan kawo.

Da hantsi na isa, na iske ku huɗu kun kewaye furno, gwangwani a kai, ɗayanku yana yashe kashin da cokali yana bugawa a bakin furnon. Ba wanda ya koya masa, hannu ne kawai yake yin haka da kansa. Na ce a sauke. Na kira Zainabu, ta fito tana gyara mayafi, ta durƙusa da ƙyar. Na ce ta kawo ƙwarya da ruwa, ta kwaso mini tokar gindin furnon. Hannu ɗaya ba ya rege, don haka ita ta riƙe ƙwaryar ni ina karkaɗawa da hagu. Kuna ta kallon juna, na ga wani yana danne dariya, tsoho ya zo da tsafi. Ruwa na uku da aka tsiyaye, dariyar ta tsaya. Ga su nan a gindi suna ƙyalli.

"Zainabu, me kike yi da tokar nan?"

"Tukwane nake gogewa da ita, Baba. Da cokula." Ta sunkuyar da kai. "Wani lokaci in ƙwannafi ya taso nakan ɗan lasa. Tun da cikin nan ya shiga nake son ta."

"Tun yaushe suke aro furnon?"

"Tun bakans, lokacin hutun makaranta."

Nan na zauna a kan turmi na faɗi abin da kuka ji yanzu, gaban ku, gaban ta. Lawali yana ɗan shekara bakwai lokacin da Hauwa ta rasu, tuwonta ya ci, a bayanta ya yi barci. Da na kai wajen ƙwarya sai ya cire takunkumin ya rufe fuska da shi. Ban lallashe shi ba, na ce ya hau moto ya ɗauko Madam Saratu.

Ta tsufa, ta bar aiki, da sanda take tafiya, amma ta zo. Ta kalli ƙwaryar, ta kalle ni, ta ce, "Malam Isuhu, kuma?" Ta zaunar da Zainabu a haske, ta goge tabarau, ta ɗaga mata leɓe. Na juya baya ina kallon bango.

"Ban ga zare ba," in ji ta. "Amma rashin zare ba shaida ba ne. Litinin a yi analiz, a auna jini, in ba a yi a nan a aika Yamai. Tukwane da cokula duk a sake wankewa da sabulu. Furnon nan ba na girki ba ne kuma. A kankare ƙasar wajen nan a fitar."

An ɗibi jinin, ba a kawo sakamako ba tukuna. Ba na barci sosai. Mazuban suna ƙarƙashin gadona, a nan za su zauna, kada wani ya ƙara tambayata. Ku ukun da kuka zame kuka tafi ranar ba sallama, na ji za ku koma gidan ɗayanku, kuma na san a gidan akwai mata da murhu. Shi ya sa na sa aka rubuta wannan.

Ranar, da aka gama kankare ƙasa, aka juye tokar furnon da ta ƙwaryar a wani tsohon kwano. Lawali ya sunkuya zai ɗauka, na ce ya bari. Na ɗauka da hagu, na tallafe da lanƙwasasshen hannun dama, na danna a ƙirji. Zainabu ta ɗaga mini labulen zaure. Kwanon bai fi wanda nake kawo wa Hauwa nauyi ba, tafiyar ma kusan ɗaya ce, daga Birni zuwa gindin duwatsu. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan da toka ina shiga gida. Ranar Asabar ce ta farko da na bi ta ina fita.